Mai gyaran da ya zo da kwamfuta ya tayar min da katafila a Daura

Sai da na bari injin ya yi wata biyu yana aiki kafin in rubuta wannan, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Eskabeta ce mai nauyin tan 20, ta hannu na saye ta, ina bayar da ita haya ga 'yan kwangila a nan Daura da kewaye. Lokacin da abin ya faru tana haƙar marmara a wani rami a hanyar Zango, ana loda wa tifofi, tsakiyar Agusta, ruwa kusan kullum.

Ciwon ya fara kamar wasa. Direba na cikin aiki sai allon da ke damansa ya daina nuna gudun inji da zafin ruwa. Ya murɗa makunnin ƙara wuta, inji ya ƙi amsawa, ya zauna a silo. In ya kashe ya sake tayarwa sai komai ya dawo, a yi awa biyu, ta sake ɗaukewa. Kwana na uku kuwa sai ta ga dama take dawowa.

Mai wayarin ɗin da na saba da shi ya zo, ya canza fiyus, ya kankare kan batir, ya ce a sauya batiran duka biyu. Aka sauya. Da abin ya ƙi, sai ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar inji ce ta ƙone, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, wadda suke kira biren bos. Na tura Kano aka sayo ta hannu da kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Aka ɗaura, jiya-i-yau. Ba na ganin laifinsa sosai, a ƙananan motoci hannunsa na da kyau. Nawa laifin ya fi, ni da na biya kuɗi a kan "ina jin".

Wani mai gireda ne ya haɗa ni da wani matashi a Katsina, ya ce aikinsa ke nan. Ya yi alkawarin Litinin, bai iso ba sai Laraba da azahar, alhali tsakaninmu bai wuce kilomita 80 ba, kuma wayarsa a kashe duk ranar Talata. Wannan na riƙe shi a raina, don mai kwangila yana ta kirana, tifofi shida suna tsaye.

Da ya zo, ko bonet bai buɗe ba. Ya shiga gidan direba da kwamfutar cinya, ya jona ta a wani soket mai rami tara da ni kaina ban san da shi ba. Lambar matsala ta fito, SPN 639, FMI 9. Na ce, "Injiniya, ƙwaƙwalwar ce ko?" Ya ce, "Alhaji, wannan lambar ba ta ce wani ya mutu ba. Cewa ta yi ana kira ba a ji."

Bayanin da ya yi min shi ne abin da na fi amfana da shi. Ya ce injin nan kwamfutoci uku ne a cikinsa, ta inji, ta famfon haidirolik, da allon direba, kuma dukkansu a kan waya biyu kacal suke hira, rawaya da koriya, a murɗe da juna kamar igiya. Sunan tsarin CAN, yaren da manyan injina ke yi a kansa kuma J1939. A kowane ƙarshen layin akwai 'yar resista, abin da ke rage ƙarfin wuta, mai om 120 (om shi ne ma'auninta). In an cire batir aka auna tsakanin wayoyin biyu, lafiyayyen layi om 60 zai nuna. In ka ga 120, gefe guda ya yanke. In ka ga kusan sifili, wayoyin sun haɗe.

Ya cire batir, ya sa mita. Om 120. Ya ba yaronsa mitar ya riƙe, shi kuma ya bi damin wayoyin yana girgizawa taku-taku, daga ƙarƙashin kujera har bayan inji. Da ya iso wani soket kusa da famfo, yaron ya ɗaga murya, "Oga, sittin! Ta koma ɗari da ashirin!" Nan ya tsuguna. Da ya zare soket ɗin sai ga ruwa ya ɗigo, fil ɗin koriyar waya ya yi tsatsa mai launin tsanwa, yana taɓa shi da farce ya gutsure. Robar da ke hana ruwa shiga babu ita, wani can baya ya taɓa buɗewa ya naɗe da salatif ya tafi abinsa. Ga damina, ga direbana da ke son wanke inji da injin feshi mai ƙarfi har cikin lungu. Tun daga jona kwamfuta zuwa gano wurin bai cika awa ɗaya da rabi ba. Mu kuwa mun ci kwana tara muna lalube.

Sai dai bai zo da soket ko fil ko ɗaya ba. Mutum aikinsa ke nan, amma jakarsa daga kwamfuta sai mita. Ita ma kwamfutar batirinta ya mutu, sai da muka jawo mata wuta daga tifa. Na ce ya haɗe wayar kai tsaye ya naɗe mu ci gaba, ya ƙi. Ya ce wayar saƙo ba wayar fitila ba ce, in aka warware murɗin aka yi mata ƙulli, bayan wata guda zan sake kiransa. A lokacin na ji haushi, don sai da ya koma Katsina ya kwana, muka ƙara asarar yini. Yanzu na ga gaskiyarsa. Washegari ya zo da sabon soket da robarsa, ya matse fil da filayar da aka yi don haka, ya ɗaure damin nesa da ƙarfen da ke gugarsa. Mita ta tsaya a 60, girgiza duk yadda za ka yi. Aka mayar da batir, kowace waya ta nuna wajen bolt 2.5.

Ya kuma cire ƙwaƙwalwar Kano ya mayar da tawa ta asali, ya ce lafiyarta ƙalau, ita ke ɗauke da saitin wannan injin, waccan kuwa sai an yi mata sabon saiti kafin ta dace. Ya ja wa direba kunne a kan abu biyu: kada ya ƙara saita feshin ruwa a kan soket, kada kuma mai walda ya taɓa bokiti ko hannun inji ba a cire batir ba.

Kuɗinsa kashi biyu ne, na jona kwamfuta daban, ko an gano ko ba a gano ba, na gyara daban, ga kuɗin mai. A haɗe ya kusa hayar injin ta yini ɗaya, kuma ba ya ragi. Ban ga tsadarsa ba. Abin da ban so ba, bai bar min ko 'yar takarda ta abin da ya gani da abin da ya canza ba, sai da na ɗauki hoton allon kwamfutar da wayata. Zan sake kiransa, amma zan faɗa masa tun a waya ya taho da kayan soket, in kuma ƙara kwana biyu a kan ranar da ya sa.

Ƙwaƙwalwar Kano tana nan a shagona cikin leda, wanda ya sayar min ya ce ba a dawo da kayan wuta. Mai irin injina da ke buƙata, a auna masa layi tukuna, in har ita ce ya zo mu daidaita.