Jiƙon gida ko tataccen maganin ɗakin bincike?

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ɗacin darbejiya da jiƙon sabara. A Abuja ma masu sayar da sassaƙe ba sa rasa ciniki, don jiƙo yana da araha. Abin da ke damuna da shi rashin awo. Ƙarfin ganye yana canzawa daga damina zuwa rani, kofin yau na iya fin na jiya, hanta da ƙoda kuwa su ke ɗaukar wahalar.

A ɗakin bincike ana shanya ganyen a inuwa, a niƙa, a jiƙa cikin ruwa ko sinadarin etanol, a tace, a auna. Daga nan a gwada shi kan ƙwayoyin cuta, sai ɓeraye, kafin a kai ga mutum. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja ta samar da maganin Niprisan don masu sikila, kuma cikin haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da muka sani tun muna yara. Hanyar tatsa ma tana da tasiri. Tu Youyou, masaniyar magunguna ta ƙasar Sin, ta samu sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani dangin tazargade ne bayan ta daina tafasa ganyen, domin zafi yana lalata shi. Ta samu kyautar Nobel a 2015.

Ni dai na fi natsuwa da tataccen, ko da yake yana cin shekaru da kuɗi, kuma abu da yawa da ya kashe cuta a kwalba kan gaza in ya shiga jikin mutum.