Wakilin biza da ya shirya wa surukina takardun zama a Tailan

Surukina Bajamushe ne mai shekara 67, sanyin Jamus ya hana gwiwoyinsa sakat, sai ya ƙudurta ƙarasa ritayarsa a birnin Chiang Mai na ƙasar Tailan. Ni aka ɗora wa hidimar takardun, na kuwa nemi wani kamfanin wakilan biza ya kama mana.

Bizar ita ce O-A, ta 'yan shekara 50 zuwa sama, ta zaman shekara guda. Ana son baht (kuɗin Tailan) 800,000 a banki, ko fanshon da ya kai baht 65,000 a wata. Takardar fanshon Baba ta wadatar, nan ba mu sha wuya ba.

Inda wakilin ya ci kuɗinsa halak malak shi ne tsara lokaci. Takardar shaidar rashin laifi, wadda Jamusawa ke kira Führungszeugnis, daga birnin Bon na Jamus take fitowa, kuɗinta yuro 13. Ita da takardar likita duk ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Da ni kaɗai ce da tun farko zan ruga in karɓo su, su lalace a hannuna. Shi ya ce mu dakata, ya jera mana wadda za a fara nema. Ranar da Baba ya dawo daga asibiti ya zauna a kicin, tabarau a kan hanci, yana karanto min cututtukan da aka wanke shi daga gare su: kuturta, tarin fuka, tundurmi. Wakilin ya riga ya faɗa masa, shi ya sa bai ji an ci masa fuska ba.

Amma a inshorar lafiya ya ba ni haushi ƙwarai. Ya ce dai ta kai dala 100,000, bai ce akwai fom na musamman da kamfanin inshora zai sa wa hannu ba. Kamfanin Baba ya ƙi sawa, muka koma neman wani, mako uku suka tafi, saura ƙiris takardar likita ta mutu. Dattijo ya kasa barci, ni ma haka. Wanda sana'arsa ke nan bai kamata wannan ya kuɓuce masa ba.

Zan sake ba su aiki, amma da maganar inshora zan fara. Baba yana can yanzu, duk kwana 90 yana sanar da ofishin shige da fice adireshinsa.