WhatsApp Business a hannun mai ƙaramar sana'a

A watan Janairun 2018 aka fitar da manhajar WhatsApp Business, kusan shekara huɗu bayan kamfanin Facebook ya sayi WhatsApp, kuma an yi ta ne domin masu ƙananan sana'o'i, irin waɗanda su ne masu jari, su ne masu talla, su ne kuma masu bin bashi. Ina cikin wannan sahu, domin jakunkuna nake ɗinkawa ina sayarwa, kuma na haura shekara biyu ina hulɗa da masu saye ta wannan hanya.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne kundin kaya da aka ƙara a 2019, inda ake jera hoton kowace haja da farashinta da bayaninta. A da, sai in tura hoton jaka guda ga mutum ashirin ɗaya bayan ɗaya, kowa na maimaita tambayar nawa ne, amma yanzu mai saye kan duba da kansa kafin ya yi magana. Akwai kuma alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira, a ware wanda ya biya da wanda ake bi, da saƙon da ke amsa wa mutane da kansa idan dare ya yi. Saukar da manhajar kyauta ne. Sai dai jerin aika saƙo ga jama'a a lokaci guda bai wuce mutum 256 ba, kuma wanda bai adana lambarka ba saƙon ba zai kai gare shi ba, don haka jerin ba ya nemo sababbin abokan ciniki, yana riƙe waɗanda ake da su ne.

Manhajar ba littafin lissafi ba ce, kuma a nan ne na yi sake. Ganin saƙonni na shigowa ba ƙaƙƙautawa ya sa na ɗauka kasuwa ta buɗe, har ranar da na je sayen yadi da zik na tarar kuɗin hannuna ba su kai ba. Da na dawo na buɗe alamar waɗanda ba su biya ba, sai na ƙirga sunaye goma sha ɗaya, wasu tun wata uku. Na cinye uwar kuɗi ina zaton riba ce. Laifina ne, domin mai kafa sana'a shi ke ɗaukar kasada da dukiyarsa, shi ke yanke farashi, shi ke sanin wanda ya cancanci a ba shi bashi, kuma babu maɓallin da zai yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ina ba duk mai sayar da haja shawarar ya sauke manhajar, amma ya haɗa da littafi da biro. Ni dai kowane dare sai na rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kafin in amsa saƙon kowa.