Prophet-6: sautin ya ci kuɗinsa, amma muryoyi shidan nan sun yi kaɗan

Wanda hannunsa ya saba da kibod ɗin Yamaha PSR ya fara sanin wannan kafin ya ƙirga dalolinsa: Prophet-6 na kamfanin Sequential ba shi da ganga, ba shi da sautin piyano da aka naɗa, ba shi da kiɗan rakiya mai tashi da kansa, ko sifika babu a jikinsa. Sintesaiza ne na analog, wutar lantarki ce ke ƙera sautin a lokacin da ka danna. Ya fito a 2015, shekarar da Yamaha ta mayar wa marigayi Dave Smith, wanda ya kafa kamfanin, sunan Sequential, kuma jini ɗaya suke da Prophet-5 na 1978.

Sautin kuwa, wallahi ba a magana. Kowace murya, wato sashen da ke fitar da nota ɗaya, tana da osileta biyu masu haifar da sautin, da ƙaramar ta uku da ke zaune oktaf ɗaya ƙasa da ta farko, sai filta biyu, ɗaya mai rage kaifin sama, ɗaya mai rage nauyin ƙasa. Ka sa osiletocin biyu a kan siffar zarto, ka ɗan karkatar da ta biyun kaɗan da abin murɗa Fine, ka rufe filta zuwa rabi, ka buɗe Pan Spread mai baza muryoyin hagu da dama. Kod guda uku kawai za ka danna ka ji ɗakin ya cika, sautin yana motsi a hankali shi kaɗai, tun ba ka kunna ifet, wato kayan ƙawata sauti irin su amsa-kuwwa, ko ɗaya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake zama a cikin waƙa. Pad, wato sauti mai dogon numfashi da ke shimfiɗe a bayan waƙa, in a kwamfuta aka haɗa shi yakan so a yi ta yi masa aski da ikwalaiza kafin ya bar wa mawaƙi fili, wannan kuwa filtar rage nauyin ƙasa tana nan gabanka, ka ɗaga ta kaɗan sai ya sauka daga kan bes ya koma mazauninsa. Sashen Poly Mod ma ba ado ba ne: ka tura osileta ta biyu ta riƙa girgiza ta farko, sai ƙarar ƙararrawa da ta ƙarfe su fito, irin waɗanda ba ka zaton analog zai iya. A kan sauti kaɗai da sai in ce a je a saya.

To amma shidan da ke cikin sunansa ba kwalliya ba ce. Muryoyi shida ne, shi ke nan, kuma a nan raina ya fi sosuwa da shi. Mutane da yawa suna lissafin da yatsu, suna cewa ai ba kasafai ake danna nota fiye da shida a tare ba. Lissafin ba haka yake ba. Murya ba ta samun 'yanci lokacin da ka ɗaga yatsa, sai wutsiyar sautin ta gama mutuwa. Ɗauki pad mai Release, wato tsawon wannan wutsiyar, na daƙiƙa uku ko huɗu, wanda shi ne ainihin abin da ake sayen irin wannan kibod dominsa. Hannun dama ya riƙe nota huɗu, na hagu ya riƙe bes ɗaya, muryoyi biyar sun tafi. Ka matsa zuwa kod na gaba, shi ma biyar yake nema, alhali guda ɗaya tak ta rage. Dole injin ya ƙwace huɗu daga tsohon kod ɗin da bai gama lafawa ba. Kamar mota ce mai kujera shida, in na bakwai zai shiga sai an sauke wani a kan hanya. Abin da kunne ke ji shi ne wutsiyar ta yanke gutsul, maimakon kod ɗin ya narke cikin na gaba. In kuma Attack ɗin, wato tasowar sautin, mai jinkiri ne, sauyin kod ɗin yakan fito a hargitse, domin muryar da aka ƙwato ba ta gama sauka ba aka sake tayar da ita, ɗaya kuma daga shiru ta taso. A waƙa mai sanyi inda pad ke tsaye shi kaɗai a bayan murya, wannan yankewar ba ta ɓuya. Ka taka fedar riƙe sauti kuwa, abin ya ƙara muni, domin duk notar da ka taɓa tana riƙe da muryarta har ka saki.

Akwai dabaru, kuma suna aiki, sai dai kowace da abin da take ci. Ta farko ita ce ka rage Release na sashen ƙarar sauti zuwa ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ka bar ifet ya ɗauki wutsiyar. Ifet ɗin yana bayan inda muryoyin ke haɗuwa, don haka ƙwace murya ba ya taɓa shi. Ka tuna ifet ɗin ɓangare biyu ne, A da B, kuma ribab, wato amsa-kuwwa, yana ɓangaren B ne kawai, a A sai dilei da koros da makamantansu. Illar ita ce wutsiyar ribab daban take da wutsiyar filta mai rufewa a hankali, kuma ta biyun ce ke da daɗin. Ta biyu, ka koyi buga kod da nota uku, ta yadda tsoho da sabo za su zauna tare a cikin shidan ba tare da an kori kowa ba. Bes ya fito daga wani wuri, ko ka naɗe shi daban. Ta uku, a situdiyo, ka raba kod ɗin a layi biyu a kwamfuta, na farko da na uku a layi ɗaya, na biyu da na huɗu a wani, kowa ya ja wutsiyarsa yadda yake so. Wannan ita ce ta fi tsabta, amma ba ta da amfani a kan dandamali. Ta ƙarshe ita ce ka haɗa shi da wani Prophet-6 ɗin, ko da marar madannai ne, su zama muryoyi goma sha biyu. Wato ka sake biyan kusan wani kuɗin. Haba.

Kuma sauti ɗaya yake bugawa a lokaci ɗaya. Ba a raba madannansa a ce bes a hagu, pad a dama, ba a ɗora sauti kan sauti. Madannan 49 ne, oktaf huɗu, mai buga hannu biyu zai riƙa cin karo da bango yana neman maɓallin Transpose. USB ɗinsa MIDI kaɗai yake ɗauka, wato saƙon notoci, sauti sai ta jak biyu na baya, su kuma ba balans ba ne, wato ba irin masu kare sauti daga gunji ba, in wayar za ta yi tsawo a saka akwatin DI don kada ta kwaso gunji. Allonsa lamba uku yake nunawa, babu suna, 000 zuwa 499 naka ne, 500 zuwa 999 na kamfani, sai ka riƙe littafi kana rubuta wace lamba ce wane sauti.

Maganar zafi ta shafe mu kai tsaye. Osiletar analog tana zamewa daga saiti idan zafin jikinta ya canza, kuma ɗakin situdiyo a Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu yana iya zama sanyi ƙalau da safe da AC, ya koma tanda da rana in wuta ta ɗauke. A nan sun yi tunani mai kyau. Ka kunna shi, ka bar shi ya ɗumama kamar minti goma zuwa sha biyar, sannan ka riƙe Preset ka danna 0, zai bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya yana daidaita osileta da filta. Yana ajiye sakamakon tare da yanayin zafin da aka yi shi, don haka ka maimaita a sanyin safiya, da tsakar rana, da lokacin hunturu. Bayan wasu 'yan lokuta sai ya daina buƙata. Kada a daidaita shi yana kunnuwa nan take, domin zai ɗumama ya sake kaucewa. In ka ji kod ya yi tsami, ka fara duba Slop tukuna, shi aikinsa ke nan ya karkatar da muryoyin da gangan, a mayar da shi sifili kafin a zargi injin.

Wutarsa tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka ƙarancin wuta ba ya cika damunsa. Haɗarin yana wurin sauyawa tsakanin wutar gari da janareta. A kashe shi kafin a juya, a ɗora shi kan sitabilaiza ko inbata mai tsabtar wuta. Duk sautin da ka ƙera, ka danna Write ka ajiye shi, in ba haka ba wuta na ɗaukewa ya tafi. A rufe shi da ƙyalle kullum, ƙurar hunturu tana shiga abubuwan murɗawa, kuma wannan ba kayan da za a kai wa mai gyaran rediyo ya buɗe ba ne.

Da na haɗa waɗannan duka, ba zan ce wa mai kibod ɗaya ya sayar da shi ya sayi wannan ba, ko kusa. Wanda aikinsa pad mai dogon numfashi ne da kod masu faɗi, Prophet Rev2 mai muryoyi 16 da madannai 61 ya fi dacewa da shi, yana raba madannai, yana ɗora sauti biyu, ko da yake sautinsa bai kai wannan kauri da taushi ba a kunnena. Prophet-10 na 2020 yana da goma, amma babu ifet kuma fitarsa mono ce. Wanda kuma duk aikinsa a kwamfuta yake ƙarewa, ya fara gwada manhajar Repro-5 ta kamfanin u-he, ya ji ko bambancin da ya rage ya kai wannan tarin kuɗi. Prophet-6 na mai bes, da gajerun kod, da solo mai kauri na Unison ne, inda muryoyin ke haɗuwa kan nota ɗaya, wanda yake da wani kibod ɗin a gefe.

In na hannu za ka saya, kada ka biya sai ya ɗumama ka daidaita shi a gaban mai shi. Ka kashe ifet, Slop da Pan Spread a sifili, ka danna madannai shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su. Kowace nota ta shigo da ƙarfi da haske iri ɗaya. In ɗaya ta yi shiru ko ta dusashe, muryar ce ta samu matsala, kuma sashenta daga waje za a yi odarsa. Sannan ka murɗa kowane abin murɗawa daga farko zuwa ƙarshe kana sauraron tsalle ko ƙarar ƙaiƙayi, ka danne madannai da ƙarfi a ƙasa, tsakiya da sama ka tabbatar aftatoc, wato jin ƙarfin dannawar, yana amsawa.