Sharhina kan ƙaramin ofishin lauya da ya riƙe mana maganar gado a Kumasi

Ga duk ɗan zango da maganar gado ta taso masa, ina ba da shawarar irin ofishin da muka yi aiki da shi bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Ƙaramin ofishi ne a saman bene, kan hanyar Ejisu, ɗaki biyu kacal: lauya ɗaya, akawu ɗaya, sai wani yaro mai kai takardu kotu. Akwai abin da bai yi mini daɗi ba, zan faɗa, amma aikin da muka je nema an yi shi da gaskiya.

Mahaifinmu ya bar gida a Aboabo, da shago, da kuɗi a banki, da mata biyu da 'ya'ya, bai kuma bar wasiyya a rubuce ba. Malamai sun riga sun yi mana lissafin rabo, tumuni ga iyayenmu mata, namiji kason mata biyu. Banki kuwa ya ce ba zai saki ko sisi ba sai mun kawo takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci, wadda kowa ke kira L.A. Wannan ne ya kai mu wurin lauya.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ɓoye mana komai ba tun zaman farko. Ya ce a Ghana, wanda ya rasu ba wasiyya, dokar PNDCL 111 ta 1985 ce ke aiki a kan dukiyarsa, Musulmi ne ko Kirista, domin dokar ta soke sashen da a da ya ba da damar raba gadon Musulmi bisa addininsa. A ƙarƙashinta gida da kayan gida na matan mamaci ne da 'ya'ya baki ɗaya. Abin da ya rage a kasa shi 16: mata su ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 a bi al'ada. Kuma ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Baffanmu ransa ya ɓaci, ya ce mu ba za mu bar hukuncin Allah ba. Lauyan, wanda ba Musulmi ba ne, bai yi gardama da shi ba. Ya ce, "Alhaji, ba wanda zai hana magada su zauna su amince a kan rabon addininsu. Nawa shi ne in rubuta yardar ta yadda gobe ba wanda zai tayar da ita." Daga nan ya tambayi ko akwai ƙaramin yaro cikinmu.

Akwai, autarmu, yarinya 'yar firamare. A nan ya tsaya kai da fata: wadda ba ta kai shekara 18 ba ba ta da ikon yafe haƙƙin da doka ta ba ta, uwarta ma ba za ta yafe a madadinta ba. Muka koma wurin malam, ya ce ba laifi manya su ƙara wa ƙanwarsu daga nasu a matsayin kyauta. Haka aka yi. Ni dai a ganina wannan kaɗai ya isa kuɗin da muka biya, don irin wannan ɓarakar ce ke raba zumunci bayan shekaru, ranar da yarinya ta girma wani ya zuga ta.

Sai maganar aure. Tsohuwar dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaura shi, kuma kamar yawancin gidajen zango, ba ɗaya daga auren biyu da aka yi wa rajista. Lauyan ya sa aka nemo waliyyai da dattawan da suka halarci ɗaurin auren, suka yi takardar rantsuwa. Akawunsa 'yar Asawase ce, Hausa a bakinta, ita ta zauna kusa da mahaifiyata tana karanta mata layi-layi tana fassarawa, "Hajiya, kin gane nan, ko in sake?" kafin ta dangwala yatsa. Ya kuma gargaɗe mu kada kowa ya sayar da kayan shago ko ya karɓi kuɗin haya da sunan kansa kafin takardar ta fito, domin laifi ne a doka. Saboda akwai ƙarama, mutum ɗaya bai isa ya karɓi L.A. ba, sai aka sa ɗaya daga kowane ɗaki.

Inda na ga gazawa: da safe ba a samunsa a waya sam, yana kotu, saƙo kuma yakan kwana ba amsa. Ranar da shari'o'insa biyu suka haɗu a kotuna daban, muka wuni a benci aka ɗage tamu, ba wanda ya sanar da mu tun da wuri, ga tsofaffi mun ɗauko a motar haya, tirotiro. Wani jinkirin ba nasa ba ne, don dole a manna sanarwa ta kwana 21 ko akwai mai ƙorafi. Amma kira ɗaya bai fi ƙarfin ofis ba.

Kuɗinsa ya rubuta tun farko, ya ware nasa da na kotu, ya yarda mu biya kashi-kashi ta MoMo, wato turo kuɗi ta waya, kowane biya da rasit. Wanda ba shi da hali ya nufi ofishin Legal Aid, mai taimaka wa marasa hali a harkar shari'a. Wanda zai je wurin lauya, ya tafi da takardar shaidar mutuwa, da katin shaidar ɗan ƙasa (Ghana Card) na magada, da takardun gida, da sunayen 'ya'ya duka har na matar da aka rabu da ita. Baffa da kansa ya koma ofishin lauyan daga baya, aka rubuta masa wasiyya cewa a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci, shaidu biyu suka sa hannu.