Ƙamus ɗin Oxford da salon maganar Turawa: yana biyan kuɗinsa?

Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da masu shirin WAEC da JAMB a Sakkwato kan sayi ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's don ma'anar kalmomi kawai, alhali ɓangaren da ya fi biyan kuɗinsa shi ne na salon magana, wato irin "farin jini" a Hausa, inda sanin "fari" da sanin "jini" ba ya kai mutum ga ma'ana. A. S. Hornby ne ya jagoranci bugun farko a 1948, na goma kuma ya fito a 2020.

Neman irin waɗannan salon a ƙamus ɗin yana da ƙa'ida. A duba kalma mai nauyi ta farko a cikin salon, suna ko aikatau ko sifa, sannan a gangara ƙarshen bayaninta, inda aka jera su a sashe na daban. Mai neman "a storm in a teacup" ya je "storm". In ba a can aka fassara shi ba, za a nuna masa inda zai koma.

Abin da ya ɗora shi kan ƙananan littattafan haddar nan da ake shimfiɗawa a bakin Babbar Kasuwa shi ne yana faɗin kowane salo na wace ƙasa ne. Guguwar da Baturen Ingila ya sa a kofin shayi, Ba'amurke a buta ya sa ta: "a tempest in a teapot". Mai yabon kansa a Ingila ƙaho yake busawa da "trumpet", a Amurka da "horn". Waɗannan da sauƙi, ko an cakuɗa za a gane. Mai haɗarin ita ce "table". A Ingila, da majalisun Najeriya da suka bi sahunta, "to table a motion" gabatar da ƙuduri ne don a tattauna. A Amurka jingine shi ne. Sakataren da ya kwafo ma'anar Amurka daga intanet ya rubuta takardar taro, ya juya maganar kenan gaba ɗaya.

Yana kuma nuna matsayin magana. "Kick the bucket" mutuwa ce, amma ta raha, kuma an rubuta hakan a gefenta. Littafin hadda zai ce maka "mutuwa" ya yi shiru, sai yaro ya sa ta a wasiƙar ta'aziyya.

Rauninsa: ba kasafai yake ba da asali ba. Zai ce "carry coals to Newcastle" kai abu ne inda ya yi yawa, amma mai karatu ne zai nemo cewa Newcastle garin kwal ne; da malami ya ce kamar kai kifi Argungu, da an gama. Rubutun ƙanana ne ƙwarai, littafin kuma da nauyi. Ga jabu a kasuwa: a buɗe tsakiya a ga ko tawada ta dushe ko ta ratsa bayan shafi, a ja takarda a hankali, don gam ɗin jabu ba ya jure zafin Afrilu.

Mai waya da data yana iya duba shafinsu na intanet kyauta, har ya saurari lafazin Ingila da na Amurka.