Mai littattafai 66 ko mai 73? Ga wanda zan ce ka saya

Ɗan'uwa, tsakanin Littafi Mai Tsarki mai littattafai 66 da mai 73 da kake tambaya, ka sayi mai 73, wanda yake da ƙarin littattafai bakwai a Tsohon Alkawari. Duka biyun ina da su, na kuma san wanda hannuna ya fi kai wa.

Mai 66 shi na fara saya da kuɗina. Ba shi da laifi, yana da sauƙin ɗauka, amma daga Malakai sai ka faɗa Matiyu kai tsaye, kamar wajen shekara 400 da ke tsakani babu abin da ya faru a cikinsu.

Wani dattijo ne ya jawo ni ga ɗayan. Wata rana muna nazari a Yahaya sura 10, muka iso aya 22 inda aka ce lokacin Idin Tsarkakewa ne a Urushalima, Yesu yana zagayawa cikin Haikali. Wata yarinya ta tambaye ni wane idi ne wannan, wa kuma ya kafa shi. Na buɗe Littafin Firistoci sura 23, inda aka jera idodin da Musa ya ba da. Ga Idin Ƙetarewa, ga Ranar Kafara, ga Idin Bukkoki, amma babu wannan. Na ce mata ta ba ni mako guda. Da aka tashi, sai dattijon ya kira ni gefe ya miƙo mini nasa, tsohon bugu da bangonsa ya gaji, ya ce, "Ɗana, je ka karanta Makabiyawa na Fari sura 4, ka dawo mini da shi in ka gama." A tsakiyar littafin, bayan Malakai, akwai wani sashe da ban taɓa gani ba.

A daren nan na karanta yadda sarki Antiyokus na Huɗu ya ƙazantar da Haikali, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, da yadda Yahuza Makabi da 'yan'uwansa suka yi yaƙi har suka karɓe wurin, suka rushe bagaden da aka ɓata, suka gina sabo, suka yi biki na kwana takwas. A shekara ta 164 kafin haihuwar Almasihu ke nan. Wannan ne idin da Yesu ya halarta, shi ne kuma Yahudawa suke kira Hanuka har yau. Ban tsaya nan ba. Na wuce zuwa Makabiyawa na Biyu sura 7, labarin uwa da 'ya'yanta bakwai da aka kashe ɗaya bayan ɗaya a gabanta don sun ƙi karya Shari'a, suna cewa Allah zai tashe su. Sai Ibraniyawa 11:35 ta faɗo mini a rai, wurin da ake maganar waɗanda aka azabtar suka ƙi yarda a sake su, don su sami tashin da ya fi kyau. Shekaru ina karanta ayar nan ban san su wa take nufi ba. Na daɗe a zaune da littafin a buɗe. Da na mayar wa dattijon nasa, a makon na nemi nawa, kuma shi ne har yanzu a gefen gadona. Lokacin da na yi doguwar jinya, Sirak sura 38, inda aka ce a girmama likita domin Ubangiji ne ya halicce shi, ta kwantar mini da hankali ƙwarai.

In ka ajiye su gefe da gefe, Sabon Alkawari iri ɗaya ne, littattafai 27 nan, 27 can, daga Matiyu zuwa Wahayin Yahaya. Bambancin duk a Tsohon Alkawari yake, 39 a wajen Furotesta, 46 a wajen Katolika. Bakwai ɗin su ne Tobit, Yudit, Hikimar Sulemanu, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu. Akwai kuma ƙari a cikin Esta da Daniyel, kamar labarin Suzana da waƙar samari uku a cikin wuta.

Tushen abin tun kafin Kiristanci ne. Littattafan Yahudawa na Ibrananci, yadda suke ƙirga su, 24 ne, domin ƙananan annabawa goma sha biyu littafi ɗaya suke ɗaukarsu, Sama'ila ɗaya, Sarakuna ɗaya, Tarihi ɗaya, Ezra da Nehemiya ɗaya. In ka rarraba su, 39 ɗin nan za ka samu, ba ƙari ba ragi. Amma tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya littattafan zuwa Helenanci, fassarar da ake kira Saftuwajin. Ita ce ikilisiyar farko ta fi riƙewa, da yake Helenanci yawancin masu bi suke ji, kuma ayoyi da yawa da manzanni suka ɗauko daga Tsohon Alkawari da lafazinta suka zo. Manyan kundayen Kirista na ƙarni na 4 da na 5 da suka tsira har yau suna ɗauke da waɗannan ƙarin littattafai a gauraye da sauran, ko da yake jerin wannan kundi bai cika yin daidai da na wancan ba.

Manyan malamai biyu sun sha bamban a kai. Jerom, wanda ya zauna a Baitalami yana fassara zuwa Latin daga Ibrananci, ya ce abin da ke hannun Yahudawa shi ne ma'auni, sauran a karanta su don gina jama'a amma kada a kafa koyarwa a kansu. Duk da haka ya fassara Tobit da Yudit. Agustin kuwa ya tsaya a kan abin da ikilisiyoyi suka saba karantawa a sujada, kuma tarurrukan bishof-bishof na Hifo a 393 da Kartaj a 397, duka a Arewacin Afirka, dogon jerin suka bi. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara dubu, ana kwafar littattafan tare, ra'ayin Jerom kuma bai mutu ba a wajen wasu malamai.

Sai a ƙarni na 16 gardama ta yi zafi, musamman a kan yi wa matattu addu'a, wadda ake kafa hujja da ita daga Makabiyawa na Biyu sura 12. Martin Luta, jagoran Furotesta na farko, bai jefar da littattafan ba. A fassararsa ta Jamusanci ta 1534 ya tattara su tsakanin Alkawaran biyu, ya ce ba a daidaita su da Nassi amma suna da amfani, suna da kyaun karantawa. Majalisar Tirent ta Katolika ta amsa a 1546, ta tabbatar da su a matsayin Nassi cikakke. Fassarar Turanci ta Sarki Jemis ta 1611 ma da su ta fito. Abin da ya sa yawancinmu muka tashi ba mu taɓa ganinsu ba shi ne shawarar da ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke a 1826, cewa ba za ta ƙara kashe kuɗi wajen buga su ba, ita ce kuwa ta fi kowa yaɗa Littafin a harsunan duniya. Saboda haka in wani ya ce maka Katolika ne suka ƙara littattafai a 1546, bai faɗi daidai ba, sun riga sun daɗe a ciki. In kuma wani ya ce Luta ne ya ƙirƙiro shakka a kansu, shi ma bai faɗi daidai ba, Jerom ya riga shi da fiye da shekara dubu.

Ni dai a ikilisiyar da ke riƙe da 66 na tashi, kuma har yanzu ba na kafa koyarwa a kan bakwai ɗin. Gaskiya ne Sabon Alkawari bai taɓa ɗauko aya daga cikinsu da cewa "a rubuce yake" ba. Sai dai wannan hujja kaɗai ba ta isa ba, don Esta da Waƙar Waƙoƙi ma ba a ɗauko su haka ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke musu a kan littattafan da ba mu taɓa buɗewa ba. Gani ya kori ji. Mai 73 ya ƙunshi duk abin da ke cikin mai 66, ba ka rasa ko aya ɗaya ba in ka saye shi.

Shi ma iri biyu ne. In kai ɗan Katolika ne, ɗauki bugun Katolika, wanda Tobit da Yudit suke biye da Nehemiya, Hikima da Sirak suke tare da littattafan hikima, ka kuma duba shafin farko ka ga amincewar bishof, domin ana karanta su a cikin sujada, za ka so naka ya yi daidai da abin da kake ji. In ba haka ba, ɗauki irin nawa, wanda aka ware su a tsakiya da sunan Afokirifa, don kullum ka san inda ka tsaya. Kada ka yi mamaki in ka ƙirga irin wannan ya wuce 73, sau da yawa ana haɗawa da Addu'ar Manassa da littattafan Esdras. Wasu tsofaffin bugun Katolika kuma lambar Zabura tasu ta bi ta Helenanci, sai ka ga Zabura 23 ta zama 22. Ba kuskuren bugu ba ne.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hankali da masu sayarwa. Kada ka yi cinikin biri a sama. An taɓa sayar mini da wani a naɗe cikin leda, an rubuta "cikakke" a bango, mai shi ya rantse mini komai yana ciki. Da na buɗe a gida, 66 ne, kuma an maimaita wasu shafuka na Irmiya, wasu babu su sam. Duk wanda ya hana ka buɗewa, bar masa kayansa. Duba jerin littattafai a gaba, nemi Tobit da idonka. In ya ce bugun Katolika ne, buɗe Daniyel, ya kamata ka ga surori 14 a ciki, ba 12 kawai ba. In ta intanet ne, ce ya turo maka hoton shafin jerin da na sunan maɗaba'a kafin ka tura ko sisi.

Waɗanda suka fi haɗari su ne masu tallar "littattafan da aka ɓoye", masu cewa sarki Kwanstantin ne ya zauna a Nikiya a 325 ya zaɓi na zaɓa ya ƙone sauran. Taron Nikiya a kan allahntakar Almasihu da ranar Ista ya yi magana, bai yanke komai a kan jerin littattafai ba. Jerin a hankali ya zaunu. Wajen shekara ta 144 wani malami mai suna Markiyon ya fito da nasa jerin, Bisharar Luka da ya yanke wa wasu sassa da wasiƙun Bulus goma, ikilisiya ta ƙi shi. Wajen 180 bishof Iraniyus ya riga yana cewa Bishara huɗu ce. A farkon ƙarni na 4 Yusibiyus, marubucin tarihin ikilisiya, ya rubuta a fili cewa ana ta ja-in-ja a kan Yakubu, Yahuza, Bitrus ta Biyu da Yahaya ta Biyu da ta Uku, bai ɓoye komai ba. A 367 bishof Atanasiyus na Iskandariya ya jera 27 ɗin nan daidai a wasiƙarsa ta Ista. Abin da ake dubawa shi ne ko littafi ya fito daga manzanni ko na kusa da su, ko ya yi daidai da bangaskiyar da aka karɓa, ko kuma ikilisiyoyi ko'ina suna karanta shi. Akwai waɗanda aka ƙaunace su amma ba su shiga ba, kamar Makiyayin Harmas da Wasiƙar Barnaba, waɗanda suke ƙarshen kundin Sina'i, wani kwafin Littafi Mai Tsarki na rubutun hannu na ƙarni na 4. Ka lura, wannan wasiƙa dabam take da abin da ake sayarwa da sunan Bisharar Barnaba, wadda rubutunta da aka sani da Italiyanci da Sifaniyanci suke, na wajen ƙarni na 16 zuwa 17. Bisharar Toma kuwa a 1945 aka tono ta a Nag Hammadi ta Masar, kuma an daɗe da buga ta, kowa na iya karantawa.

Littafin Anuhu ne kaɗai zan ce yana da wani matsayi na dabam, tun da Yahuza aya 14 da 15 ta ɗauko daga cikinsa, kuma Ikilisiyar Otodoks ta Habasha, mai ƙirga 81, tana riƙe da shi. In ka so shi wata rana, saye shi shi kaɗai, da sunan mai fassara a jiki.

Yanzu dai ɗauki mai bakwai ɗin a ciki, mai manyan haruffa in ka samu, don irin wannan bugu yakan zo da ƙananan rubutu saboda yawan shafuka. Ka fara da Makabiyawa na Fari sura 1 zuwa 4, sannan ka koma Yahaya sura 10.